Kicin ɗin da Na Ƙi Shiga

Mubarak ne ya jawo maganar nan. Ran Juma'ar da ta wuce muna zaune a shagon shayin nan da ake kira mamak, a Bukit Jalil nan Kuala Lumpur, inda ku ɗalibai kuke taruwa ku sha shayi ku gyara duniya da baki, sai ya buɗe kwamfutarsa ya juyo mini da ita. Taswirar wani gari ce a bakin teku, nan shuɗi, can ja, gwanin sha'awa. Ya ce, "Baba Injiniya, ka ga wannan? Kwana uku na yi ta. Aikin da kuke wata shida kuna yi a cikin taɓo, yanzu daga ɗaki ake gama shi." Kuka yi dariya. Ni kuwa na yi yaƙe, don na gane garin tun bai faɗi sunansa ba. To yau zan ba shi amsa, ku ma ku kasa kunne.

Sana'ata ba ta da wani suna mai daɗi. Ina zuwa gari in auna, in tambaya, in dawo in faɗa wa masu gini inda ruwa zai kai ranar da ya yi fushi, don su san tsayin da za su ɗaga daɓe. Shekara ashirin da 'yan kai ina wannan. Karatu ya kawo ni ƙasar nan daga Kano, kamar ku, na gama, wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ni, suka haɗa ni da wani dattijon Bamalaye, Pak Rosli, wai in koyi aikin fili.

Ranar farko a tashar jirgin Titiwangsa ya ɗauke ni da wata tsohuwar motar a-kori-kura. Na zo da farar riga da jakar takardu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini takalmin ruwa wanda ya fi ƙafata, ya ce in sa. A bayan motar ba wani abin a zo a gani: sandar awo mai lambobi ja da baƙi, na'urar hange mai ƙafa uku, tef, alli, tocila, sai wani ɗan littafi da ya jiƙe ya bushe har ya kumbura. Littafin nan jadawalin cikar teku da janyewarta ne. Ya fi kula da shi fiye da na'urar da ta ci kuɗi.

Muka isa wani gari wajen ƙarfe goma na safe, rana tana dukan ƙeya, sama ba ko ɗigon hadari. Ya tsayar da ni a bakin wata kwata ya ce in zuba ido. Na tsaya ina jin haushi, a raina ina cewa digiri biyu gare ni an sa ni gadin kwata. Can sai na ga ruwan yana tafiya baya. Wallahi baya yake tafiya, daga teku yana shigowa gari. Kafin minti talatin ya cika kwatar, ya hau titi, ya rufe mini idon sawu. Na ɗaga kai ina neman ruwan sama. Pak Rosli ya yi dariya har da tari. Ni Bakano ne, a wurinmu ambaliya daga sama take zuwa, a nan kuwa har ta ƙasa take ɓullowa. Wata kuma da ni ban san amfanin dubansa ba sai don azumi da Sallah, a nan shi yake jan teku. Idan ya cika ko ya ɓuya, ruwa ya hau. In kuma aka yi rashin sa'a kogi ya cika da ruwan sama daga tudu a daidai lokacin, to ba shi da wurin zuwa sai ɗakunan mutane.

Wannan duk mai sauƙi ne, a littafi ma za ku same shi. Abin da ba ya cikin littafi shi ne, a sana'ar nan kowa ƙarya yake yi maka. Mai son sayar da gida zai rantse ruwa bai taɓa wuce dokin ƙofa ba. Maƙwabcinsa mai jiran tallafin gwamnati zai kai hannu wuya ya ce nan ya kai. Na taɓa aiki da wani mai gina gidaje da ya sa aka zuba tsakuwa sabuwa fil a filinsa kwana biyu kafin mu zo, ya tarbe mu da lemo mai sanyi yana ta washe baki. Pak Rosli ya karɓi lemon ya sha, ya yi godiya, sannan ya sa ƙafa ya ture tsakuwar. Bawon katantanwar teku ne a ƙasa birjik, alamar teku tana hawowa har wurin. Daga ranar na daina yarda da duk wanda ya tarbe ni da lemo.

Shi Pak Rosli ba ya musu da kowa. Ka faɗa masa ƙarya, ya gyaɗa kai ya rubuta. Sai ya ce ko zai iya wanke hannu. Da haka yake shiga har kicin ɗin mutane. Ya leƙa bayan firji, ya haska tocila a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya shafa bango a bayan tukunyar gas. Ya sha gaya mini cewa falo ɗakin baƙi ne, duk ƙaramar Sallah sai an yi masa sabon fenti, amma ba wanda yake janye kabad don ya fente bayansa. Can ruwa yake barin sawunsa.

Na ji, na kuma haddace. Amma ni a shekara biyar da na yi da shi ban taɓa wuce falon kowa ba. Ku kun san yadda aka rene mu. Gidan wani, matarsa a ciki, ka kutsa har madafi? A gidanmu ko yayana da ya yi aure, a zaure nake tsayawa in yi sallama. Su Malayawa ba su ɗauki abin haka ba, matar gida da kanta za ta ce ka shigo, amma ni ƙafata ba ta iyawa. Sai na mai da shi rabon aiki, shi ya shiga ciki, ni in tsaya a waje da sanda da na'ura. Ya lura sarai. Sau ɗaya ya taɓa ce mini, "Garba, ruwa ba ya sallama, kai kuma kana tsayawa a ƙofa." Na ɗauka zolaya ce.

Aikin farko da na yi ni kaɗai shi ne garin nan na taswirar Mubarak. Pak Rosli ya tafi aikin Hajji, kamfani ya ce ai Garba ya ƙware. Hukumar yankin za ta gina wa wata unguwar masunta zauren taro, wanda suke kira dewan, kuma shi ne zai zama mafakarsu in ruwa ya zo. Abu ɗaya ake nema a wurina: mafi girman ambaliyar da aka taɓa yi a unguwar, ina ta kai? A kan lambar da na bayar za a ƙara ɗan rata a ɗaga daɓen zauren. Idan na yi daidai, mutane su gudu can su tsira a bushe. Idan na yi ƙasa, na tara su wuri ɗaya ne ruwa ya same su.

Kwana huɗu na yi a unguwar. Mai unguwa ya tarbe ni hannu bibbiyu, ya haɗa ni da dattawa, muka yi sallah tare a ɗan masallacinsu. Duk gidan da muka je, a baranda ake shimfiɗa mini tabarma, maigida ya fito, ya kai hannu gwiwa ya ce, "Nan ne iyakarsa." Gida goma da 'yan kai, bakinsu ɗaya. Ku lura, a sana'ar nan in mutum goma suka faɗa maka abu ɗaya ba bambancin ko ɗan yatsa, to sun zauna sun shirya ne. Na san haka, har na ji wani abu a raina. Amma sai ga shaida a bango. A jikin gidajen akwai layin datti siriri, miƙaƙƙe, daidai gwiwa. Na ɗora sanda, na hanga, na rubuta: santimita arba'in da biyar daga kan titi. Ido ya gani, baki ya faɗa, me kuma zan nema?

Rana ta huɗu muka je gidan ƙarshe, kusa da ƙofar ruwan da ake rufewa in teku ta cika. Maigidan, Pak Din, tsohon masunci ne, ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance a ɗakin baya, ba ya ko magana sosai. Matarsa ce ta fito, Mak Cik Salmah. Mak Cik kamar a ce Inna ne a wurinsu. 'Yar gajeruwar tsohuwa ce, hannunta duk garin fulawa. Mai unguwa ya yi mata bayani, ya nuna mata gwiwarsa tun ba a tambaye ta ba. Ba ta ko kalle shi ba. Ni ta kalla, ta ce, "Ɗana, shigo kicin, akwai abin da maigidan yake so ka gani."

Mai unguwa ya yi caraf ya ce, "Haba Salmah, baƙo ne daga ƙasa mai nisa, malami ne, kar ki sa shi jin nauyi."

Ta ce, "Ba cin abinci na kira shi ba. Shigo, ɗana."

Na dubi ƙofar. Labule ne a saye, ina jin motsin wata mace a ciki, 'yarta ce ashe. Na sunkuyar da kai na ce, "Na gode Mak Cik, nan ma ya isa, na riga na ga layin." Ta sake cewa in shigo, sau na uku ke nan. Na ce lokacin sallah ya gabato. Ta tsaya ta yi mini wani irin kallo, sannan ta saki labulen ta koma. A hanya mai unguwa yana ta yabona, wai ni mutum ne mai tarbiyya. Ni kuwa har da jin daɗi.

Na dawo Kuala Lumpur na rubuta rahoto mai kyau, da hotuna da taswira. Da Pak Rosli ya dawo daga Makka ya karanta, tambaya ɗaya ya yi mini: "Kicin nawa ka shiga?" Na ce na duba ko'ina. Ƙaryar da na yi masa ke nan, kuma ita kaɗai ce a tsakaninmu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya sa hannu a ƙasan nawa. Aka gina zaure, aka ɗaga daɓensa ya ɗan haura gwiwa da taki guda. Pak Rosli kuma bai daɗe ba ya yi ritaya ya koma ƙauyensu.

Shekara shida ba abin da ya faru. Ƙananan ambaliya suna zuwa, mutane su shiga zauren su fito lafiya. Har a taro an taɓa nuna hotonsa a matsayin aikin da ya yi kyau, ina zaune a gaba ina gyara hula.

Sai mummunar shekarar ta zo. Kwana uku ana ruwa a tudu ba ƙaƙƙautawa, kogi ya cika ya batse, kuma ya zo daidai da cikar wata. Tun da la'asar hukuma ta sa aka kwashe mutanen unguwar zuwa zauren, tsofaffi da yara da marasa lafiya, aka shimfiɗa musu katifu a ƙasa. Washegari da hantsi teku ta hau. Ƙofar ruwa a rufe, kogi ba hanyar fita. Ruwa ya hau matakala, ya shiga zauren, bai tsaya ba sai da ya kai wa manya gwiwa a ciki. Aka ɗora yara a kan tagogi da kafaɗu. Pak Din yana kwance a katifa, kafin a ankara ruwa ya sha rabin jikinsa. Maza huɗu suka ɗaga shi suka ɗora a teburi, suka riƙe teburin kada ya kife, har wajen azahar da jiragen ruwa suka iso. Ba wanda ya nutse, alhamdu lillahi. Amma sanyi ya shiga ƙirjin tsohon, aka kai shi asibiti, kwana tara ya rasu.

Na san kwanansa ne ya ƙare, kar wani ya tashi yi mini wa'azi. Amma ni na san wanda ya rubuta arba'in da biyar.

Kamfani ya tura ni in gano abin da ya faru, wai ko ruwan ne ya wuce duk wani lissafi. Haka na so ya zama, ba zan ɓoye muku ba. Duk hanya ina addu'a ya kasance ambaliya ce irin wadda ba a taɓa gani ba, don in ce ba laifin kowa. Na isa unguwar mako biyu bayan rasuwar. Ko'ina taɓo da wari, katifu jibge a bakin titi. Mai unguwa da ya hango ni sai ya shige wani lungu. Na nufi gidan ƙarshe, na tsaya a baranda na yi sallama.

Mak Cik Salmah ta fito da tsintsiya a hannu. Shekara shida, amma ta gane ni nan take. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Yau za ka shiga?"

Na cire takalmi na bi ta. Taku goma sha biyu ne daga baranda zuwa kicin ɗin, na ƙirga. Ta nuna wani tsohon kabad na katako ta ce in janye. Na sa kafaɗa na ture shi. A bayansa bango ne da bai ga fenti ba tun da aka gina gidan, kuma a jikinsa zanen fensir ne, layi bisa layi. Duk ambaliyar da aka yi, Pak Din yakan janye kabad ɗin ya ja layi ya rubuta shekara a gefe, tun yana saurayi. Yawancinsu suna wajen gwiwa. Uku sun kai ƙugu. Ɗaya kuwa, tsoho, wanda ya ja tun kafin in zo ƙasar nan, yana daidai ƙirjina. Sabon layin dattin wannan shekarar yana ƙasa da shi da kusan ɗani guda. Wato ruwan da ya shiga zaurena bai ma kai wanda aka taɓa yi ba.

Na ce, "To layin da na gani a waje fa?"

Ta ce, "Na ƙaramin ruwa ne, wanda ya zo bayan mun yi fentin Sallah."

Na ce, "Me ya sa duk suka ce gwiwa?"

Ta jingina tsintsiyar ta ce, "An yi ta raɗe-raɗin cewa in aka ji ruwa yana kai ƙirji za a tashe mu, a kai mu gidajen bene can nesa da teku. Masunci ya yi me a hawa na goma? Shi ya sa suka haɗa baki. Su tsoron tashi suke yi. Ni kuwa tsorona yadda zan ɗauki mutumin da ba ya iya tashi." Sannan ta ce, "Ranar nan yana jin muryarka daga ɗaki. Ya yi ta buga gado da hannunsa mai lafiya, yana nuna mini kabad. Da na koma na ce masa ka ƙi shigowa, sai ya juya fuska bango."

Kunya ta hana ni shiga ranar farko. Wannan ranar kuwa na san mece ce kunya ta gaske, na zauna a kan wata kujerar roba mai taɓo. Da na dawo hayyacina na ɗauko tef na auna layukan ɗaya bayan ɗaya, ita tana riƙe mini tocila. Na babban ya ba ni mita ɗaya da santimita talatin daga kan titi. Ta ba ni fensir ta ce in ja na bana, tunda mai ja ba ya nan. Na ja, na rubuta shekara a gefe.

Na rubuta sabon rahoto, na faɗi kuskuren da sunana, ban laɓe bayan mai unguwa ba. Kamfani bai ji daɗi ba, shekara biyu ba a ba ni aikin da zan sa hannu ni kaɗai ba. Aka ƙara wa zauren bene, yanzu sama suke hawa. Na je har ƙauyen Pak Rosli na faɗa masa ƙaryar da na yi masa. Ya ce ya sani tun ranar, don a duk hotunan rahoton ba na kicin ko ɗaya, kuma shi ma da laifinsa da ya sa hannu. Tun daga lokacin ba gidan da na auna ban shiga kicin ɗinsa ba. Ina yin sallama, in nemi izini, in maigida ya ce a'a in ce to a kira mini wata tsohuwa ta raka ni. In ga sabon fenti, hankalina ya tashi. In mutane suka cika yabona da tarbiyya, sai in fara neman abin da suke ɓoyewa.

Yanzu Mubarak, matso da kwamfutar nan. Ba na faɗa da na'urarka, ni ma ina amfani da hoton tauraron ɗan'adam da jirgin nan maras matuƙi, sun rage mana wahala ƙwarai. Amma ita ba ta san inda ruwa ya taɓa kaiwa ba sai abin da aka ba ta. Buɗe wurin da ka ɗebo bayanan tsofaffin ambaliya. Sauka ƙasa, nemi unguwar da ke kusa da ƙofar ruwa, wadda ka shafa wa shuɗi mai haske ka ce ba ta da hatsari sosai. Karanta wa 'yan'uwanka lambar da ke gabanta.

Ka gan ta? Arba'in da biyar ce, ko ba ita ba? Tun ran Juma'a na hango ta. Rahoton gyaran yana can cikin wani fayil ba wanda ya buɗe, na farkon kuwa an kwafe shi daga wannan hannu zuwa wancan har ya iso ɗakinka. Ni na rubuta lambar nan a tsaye a baranda, kuma ƙarya ce. Ka ce wata hukuma ta nemi ka ba ta taswirar in ka gama. To ba za ka ba kowa ba tukuna.

Mak Cik Salmah tana nan da rai, ta tsufa tukuf, 'yarta ce take kula da ita. Ran Asabar ƙarfe bakwai ka same ni a tashar Titiwangsa, zan zo maka da takalmin ruwa. Ka bar kwamfutar a gida, ka zo da tef. In mun isa za ka cire takalmi, ka gaishe ta da kyau, in ta ce ka shigo kuma, tun a kira na farko za ka shiga. Kai za ka ture kabad ɗin, ni bayana ya daina ɗaukar nauyi.